Kwarmin Dutsen Wanzam

Ranar da Malam Ɗanladi wanzami ya yanki Davou a haɓa, duk wanda ke zaune a gindin darbejiyar nan ta unguwar Limawa sai da ya zaro ido. Ba fa wani yanka ba ne na a zo a gani. Ɗan ɗigon jini ne, wanda ko jariri ba zai ɓata hawayensa a kai ba. Amma ai Malam Ɗanladi ne! Mutumin da ya yi wa rabin unguwar askin suna, suka girma suka yi aure, ya dawo ya yi wa 'ya'yansu, ba a taɓa jin ya bar wa wani tabo ba.

Shi kuwa Davou mutumin Filato ne, mai shagon tayil a bakin titi. Tun kansa na baƙi ya zo garin Dutse, ga shi yanzu furfura ta cinye shi. Allah ya yi shi da wata irin fata mai fushi, injin aski na taɓa haɓarsa sai ƙuraje su feso kamar an watsa gero. Askar Malam Ɗanladi kaɗai fatar nan take yi wa ladabi. Don haka duk mako yana nan a kan tabarma, ya miƙa wuya ya lumshe ido, suna hirar tsadar siminti da halin yaran zamani.

Davou ya shafa wurin, ya dubi yatsansa, ya kwashe da dariya. "Haba Wanzam, ai sauron Limawa ma ya fi ka hannu. Ci gaba da aikinka."

Malam Ɗanladi bai yi dariya ba. Ya ƙarasa askin dai, amma gabansa ya riga ya faɗi, domin shi ya san abin da sauran ba su sani ba. Ba yau abin ya fara ba. Kwanan nan askar sai ta riƙa ja, tana tsallake gashi, sai ya danna kafin ta ci. Ya wasa, ya sake wasawa, a banza. Kuma mahaifinsa, wanda ya koya masa sana'ar, ya sha gaya masa cewa duk ranar da ya fitar wa mutum jini alhali mutumin bai motsa ba, to ya rataye zabira, hannu ya tsufa. Davou kuwa ko tari bai yi ba.

Ya goge askar ya mayar da ita kube, ya ce, "Baban Jemimah, daga yau ka nemi wani wanzamin. Hannuna ya gama."

Davou ya buɗe ido sosai. "Wane irin wasa ne wannan? Ka manta Asabar ta sama ake ɗaura auren Jemimah? Ni zan riƙo hannunta in shigo da ita coci a gaban surukai da mutanen garinmu. Da wace fuskar zan shiga? Da gemu buzu-buzu, ko da ƙuraje?"

"Gara ƙuraje da jini a farar riga," in ji Malam Ɗanladi. Ya saɓa zabirarsa ya nufi gida, ko sallama bai yi wa 'yan hira ba.

To, wanda ya fi kowa shan wahalar wannan ritaya ba Davou ba ne, Safiyatu ce, matar Malam Ɗanladi. Ita dai ta saba tun da aka kawo ta daga Miga, maigida ya fita da hantsi sai la'asar, gida nata ne, ta soya gyaɗarta ta yi ƙuli-ƙulinta ba mai sa mata baki. Yanzu ga dattijo zaune a tsakar gida ya zabga tagumi, ba aiki sai sa ido. Wutar nan ta yi yawa. Wannan akuyar wa ya kwance ta? Me ya sa ake ajiye tsintsiya a nan? Wallahi da mutum zai iya mayar da mijinsa kasuwa a canja masa, da Safiyatu ta je. Amma in ta saci kallonsa ta ga yana juya tafin hannunsa yana duba kamar na wani, sai tausayi ya kama ta, ta haɗiye maganar.

Zabirar tana rataye a ƙusa. Dutsen wasa askar kuwa, da yake ya fito da shi ya wanke, sai ya manta shi a gindin randa. Wani baƙin dutse ne dogo, santsi kamar hanta, ga nauyi ga taurin tsiya. Kakansa ne ya saye shi a hannun wani Buzu mai fataucin gishiri, mahaifinsa ya gada, shi ma ya gada.

Wata safiya Davou ya zo lallashi, haɓarsa ta fara yin duhu. Suna zaune a zaure, kowa ya kafe a kan bakansa, sai ga Safiyatu ta yi sallama ta shigo riƙe da dutsen da hannu biyu, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da miya. Ta gaishe da Davou, ta tambayi Maman Jemimah da hidimar biki, sannan ta dire dutsen a gabansu.

"Malam, ka ga abin da na tsinta. Kazata na samu tana shan ruwa a ciki. In ka gama da shi ka bar mini, dama kaskon kajin ya fashe."

Suka duba. Ruwa ne kwance a tsakiyar dutsen, ya taru a kwarmi, ko ɗigo bai zube ba duk tafiyar da ta yi da shi.

Malam Ɗanladi ya harare ta. "Yau kika fara ganinsa? Tun ina yaro da kwarminsa na san shi."

Davou ya tsiyaye ruwan, ya shafa kwarmin da babban yatsa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da daɓen da bai daidaita ba, don haka abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Wanzam, askar da ka yanke ni da ita, ita ce ta da?"

"A'a. Ta da ta karye. Ta sha washi har ta zama kamar ganyen albasa. Wannan sabuwa ce, Falalu maƙerin Miga ya ƙera mini, miƙaƙƙiya sak."

Yana faɗin haka sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya tashi da sauri, abin da bai yi ba tun da ya rataye zabira, ya shiga ciki ya ɗauko sabuwar askar. Ya kwantar da ita a kan dutsen, ya ɗaga su saitin ƙofar zaure. Haske ya ratso ta ƙarƙashinta. Kai da gindi ne kawai suka taɓa dutse, tsakiyar askar a iska take.

"La haula," in ji shi a hankali. "Tsohuwar tare suka tsufa da dutsen, yadda ya lanƙwashe haka ta lanƙwashe. Wannan kuwa baƙuwa ce. Ashe dakusar da ita nake yi, ina cewa washi ne."

Davou ya tafa hannu. "Shi ke nan! Magana ta ƙare. A gurje fuskar nan har kwarmin ya ɓace, ka koma bakin aikinka, ni ma in samu fuskar shiga coci."

Nan fa ɗaya. Malam Ɗanladi ya janye dutsen ya rungume. "A gurje me? Baban Jemimah, ka san abin da kake faɗa kuwa? Wannan kwarmin ba haka aka saye shi ba. Hannun kakana ne ya fara shi, hannun Babana ya zurfafa shi. Ba su bar mini gona ba, ba su bar mini hoto ba. In ina son in ga Babana, nan nake dubawa. Shi za ka ce in gurje in zubar a kwata?"

Davou ya ji kunya ya sunkuyar da kai. Ya kawo shawarar a sayi sabo a kasuwa. Malam Ɗanladi ya ja tsaki, ya ce waɗannan na mahauta ne, laushi gare su kamar sabulu, ba a kai wa fuskar mutum askar da aka wasa da su. Ga magani a hannu, ga shi ba ya shawuwa.

Safiyatu da ke tsaye a bakin ƙofa ta gaji da kallonsu. Ta ce, "Ni dai ban san wanzanci ba. Amma Malam, shi dutsen nan ba shi da baya ne? Ni in waina ta yi ta gefe guda, juya ta nake yi."

Maza biyu suka dubi juna. Malam Ɗanladi ya kifa dutsen. Bayan nan ba wanda ya taɓa kula shi tun zamanin Buzu: ga kaushi, ga tozo a tsakiya, shi ya sa kullum sai ya naɗe tsumma ya ɗora a gwiwa kafin dutsen ya zauna. Amma dutse ɗaya ne, ƙwaya ɗaya. In aka baje shi zai yi washi, kwarmin kuma ba abin da zai taɓa shi.

"Kai, matar nan!" in ji Malam Ɗanladi. Iyakar yabon da ta samu ke nan, ita ma ba ta sa ran fiye da haka ba.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Malam Ɗanladi ya fara da dakalin ƙofar gida, wanda Safiyatu ta sa aka shafe da siminti da ribar ƙulinta. Ya zuba ruwa ya duƙa yana gurzawa tun hantsi, gumi har cikin ido. Da rana ta take ya ɗaga dutsen ya duba, tozon na nan daram, ko gezau. Dakalin kuwa ya yi rami, har tsakuwa ta leƙo. Abin da Safiyatu ta faɗa a ranar ba zai maimaitu ba, amma maƙwabta sun ji.

Davou ya zo ya ga ɓarna, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya koma shago ya sa aka kawo wani ɓallin dutsen daɓe mai kauri, shimfiɗaɗɗe sumul, da wani baƙin gari mai kaushi irin wanda masu goge daɓe ke amfani da shi. Aka kai kayan gindin darbejiya. Malam Ɗanladi ya ɗauki gawayi ya zazzana layuka a bayan dutsen, tsaye da kwance. Ya ce duk inda gawayi ya goge ya daidaita, duk inda ya rage da saura. Aka barbaɗa gari, aka yayyafa ruwa, aka fara.

Dutsen nan fa ba ya jin magana. A yi ta gurza har kafaɗa ta sage, a wanke a duba, ɗan wurin da ya goge bai wuce faɗin kwabo ba. Malam Ɗanladi ya yi iya yinsa, ƙugu ya ce bai san zance ba. Sai 'yan hira suka fara cewa, "Kawo in taɓa." Kafin a ankara abin ya zama doka: duk wanda ya zauna a inuwar nan sai ya yi nasa rabon. Ma'aikata masu dawowa daga ofis suka riƙa naɗe hannun riga. Mujahid mai adaidaita sahu ya ajiye fasinja ya zo da ƙarfinsa, ya danna kamar mai tura mota, har sai da Malam Ɗanladi ya daka masa tsawa, ya ce a hankali, a zagaya ko'ina, a riƙa juya kai da gindi, ba kokawa aka ce a yi ba.

Chundung, matar Davou, ta kawo wa masu aiki kunu, ta tsaya tana kallon yadda maza ke nishi. Ta ce, "Ku tashi don Allah, kun ba ni kunya." Ta ɗaure zane ta durƙusa. Ita da ta tashi a kan dutsen niƙa, ai hannunta ya san hanya. Ta riƙa tafiya da dutsen a natse tana 'yar waƙarta da yarensu, ga hidimar biki na jiranta a gida. Da ta tashi aka wanke, gawayi ya ja da baya sosai, maza suka yi ta kame-kame, wai ai su suka tausasa mata shi.

Kowa na raha, ban da mai dutsen. Yana dariya da baki, amma tsoro na cinsa a ciki. Muddin tozon nan na nan, yana da abin ɗora wa laifi. To in dutse ya baje, aska ta yi kaifi, kuma ya sake fitar da jini fa? Shi ke nan, hannun ne, kuma a gaban duk mutanen nan da suka zubar da guminsu dominsa. Wani lokacin in an wanke dutsen ya ga sauran gawayi a gefe, har wani sanyi yake ji a ransa, sai kuma ya yi istigfari.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan layi guda ya rage a kusurwa. Malam Ɗanladi ya ce kowa ya matsa, wannan nasa ne. Ya wanke garin mai kaushi, ya koma gurzawa da ruwa zalla don fuskar ta yi santsi. Ana kiran magariba layin ya ɓace. Ya shafa tafinsa a kai, sumul daga kai har gindi. Aka ce ya gwada askar mana. Ya ce ba a wasa aska in haske ya tafi. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba.

Asabar da sassafe ya ɗauko zabira daga ƙusa. Safiyatu ta bi shi da ido har zaure, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam," a zuciyarta kuma tana roƙon kada Allah ya dawo mata da shi kafin la'asar.

Ya tarar da Davou ya riga shi zuwa gindin darbejiya, sanye da singileti, gemu ya yi cunkus, kwat ɗin biki na rataye cikin adaidaitar Mujahid. 'Yan gurza duk sun hallara, kowa ya zo ganin abin da guminsa ya haifa.

Malam Ɗanladi ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya laluba zabira neman tsumman da yake ɗorawa a gwiwa, babu, ya manta shi a gida. Ya yi tsaki, ya ɗora dutsen haka nan, sabuwar fuska a sama, kwarmin a ƙasa.

Dutsen ya zauna. Bai yi rawa ba, bai karkata ba. Kwarmin ya rufe ƙoƙon gwiwarsa ɗas, kamar an auna. Malam Ɗanladi ya tsaya cak. A daidai wurin nan mahaifinsa yake dafa shi in yana koya masa washi, ya ce kada ya motsa ƙafa. Shekara da shekaru ke nan ba wanda ya dafa shi a nan. Idonsa ya kawo ruwa, kuma bai ɓoye ba.

"Wanzam, lafiya?" in ji Davou.

"Lafiya lau. Tsoho ne ya iso."

Ya ɗiga ruwa, ya kwantar da askar. Wannan karon ta kwanta gaba ɗaya, ba inda haske zai bi. Ya ja, ya dawo, ya ja, ya dawo, sautin na fita siriri iri ɗaya tun daga gindi har kai. Ya ɗauki lokacinsa, don bakin da ya dakusar sai da ya gyaru. Ya goga ta a fata, ya tsoma ta a ruwan zafi, ya kai ta damtsensa. Gashi ya zube tun kafin ya ji ta taɓa shi.

Ya jiƙa haɓar Davou, ya yi bisimilla. Davou ya ɗaga kai ya lumshe ido kamar kullum, kamar ba shi aka yanka ba. Har Mujahid sai da ya kashe waƙar da ke tashi a wayarsa. Aska ta sauko daga kunne, ta bi muƙamuƙi, ta zagayo ƙarƙashin haɓa inda fatar ta fi fushi, ta wuce ta kan ɗan tabon nan ba ta ko gaishe shi ba.

Can Davou ya yi magana, idonsa a rufe. "Wanzam, don Allah ka fara mana, kada in makara. Amarya na jira."

"Tashi ka ba mutane wuri," in ji Malam Ɗanladi. "Na gama."

Davou ya shafa fuska da hannu biyu, ya duba tafinsa, ya sake shafawa. Wuri ya kaure da shewa, kowa na cewa gefen da shi ya gurza ne ya yi aikin. Davou ya zura kwat, ya tsaya a bakin adaidaita ya ce, "In Allah ya kawo wa Jemimah rabo, kai za ka yi wa jikana aski. Kada in ji wata maganar rataye zabira."

"Ku dai ku kawo shi," in ji Malam Ɗanladi.

Kafin adaidaitar ta sha kwana, wani ya riga ya zauna a tabarma ya cire hula, wasu na jira a benci, duk kawunan da suka taru tun da ya tafi hutun dole. Ya kai hannu zai sauke dutsen ya ajiye a gefe kamar yadda ya saba in ya gama washi, sai ya fasa. Ya bar shi a gwiwarsa, ya ce wa mutumin ya matso kusa.